Filin Manoma: Tambayoyinku Kan Rake, Taki da Lafiyar Ƙasa

A 'yan makonnin nan wasiƙun da suka iso mana a nan Abuja sun karkata ga noman rake, kuma ban yi mamaki ba, domin sara ya kankama, dillalai sun shiga fadamu, kowane manomi yana ganin sakamakon abin da ya yi wa gonarsa tun watanni goma da suka wuce. Na zaɓi shida daga cikin wasiƙun, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, kuma kamar yadda muka saba, garin mai tambaya kaɗai muke ambata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin rake ne a wata fadama a yankin Abaji, kuma shekara takwas ke nan ina noma wuri ɗaya wanda bai wuce hekta guda ba. A da buhu uku na yuriya yakan ishe ni, amma yanzu sai na zuba shida, kashi-kashi, har zuwa wata na takwas bayan dashe. Raken yakan yi tsawo, ganyensa ya yi kore shar, amma da zarar an yi iska sai ya kwanta, masu saye kuma suna kukan cewa lami ne, har suna rage mini kuɗin dami. Shin takin yanzu ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa irin ne ya gaji?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwa ba ya tsami banza, kuma alamun nan da ka lissafa, tsawo da koren ganye da kwanciya da rashin zaƙi, duk wuri ɗaya suke nunawa: ka cika wa rakenka naitirojin, ka ba shi a lokacin da bai dace ba, sannan ka bar shi da yunwar wani abincin da ya fi buƙata. Yuriya ba ta ɗauke da komai sai naitirojin, kashi 46 cikin ɗari, wato a buhu mai kilo 50 akwai kilo 23 na wannan sinadari, kuma aikinsa shi ne fitar da toho da ganye da miƙar da kara. Rake yana matuƙar buƙatar wannan aiki a watanni uku zuwa huɗu na farko, lokacin da yake 'ya'ya yana ƙoƙarin rufe kunya. Idan ya doshi nuna kuwa, abin da ake so shi ne naitirojin ya yi masa ƙaranci, ya rage fitar da sabon ganye, ya koma tara sukari a gaɓoɓinsa tun daga gindi har zuwa sama. Wanda ya zuba yuriya a wata na takwas ya mayar da rake ƙuruciya ne, sai ya riƙa kashe sukarin da ya haɗa wajen yin sabon ganye, karan ya cika da ruwa, ɓawonsa ya yi taushi, tsutsa mai huda kara ta sami ƙofa, iska kuma ta kwantar da shi ba wahala.

Abin da nake kyautata zaton ya ƙare a gonarka shi ne fotash. Rake yana cikin shuke-shuken da suka fi cin fotash, har yakan ɗebe shi fiye da yadda yake ɗibar naitirojin, kuma kaso mai yawa na abin da ya ɗiba yana cikin karan nan da ake ɗaurewa dami-dami a loda a mota. Ka tsaya ka ƙirga motocin da suka fita daga gonarka cikin shekara takwas, ka kuma tuna cewa duk tsawon lokacin nan yuriya kaɗai kake mayarwa. Fotash ne yake taimakon shuka wajen tura sukari daga ganye zuwa kara, shi ne yake ƙarfafa karan, shi ne kuma yake sa shuka ta jure ƙishirwa. Ka shiga gonar ka duba tsofaffin ganyaye na ƙasa. Idan ka ga gefunansu da bakinsu sun bushe kamar an babbaka su, alhali tsakiyarsu tana nan kore, karan kuma ya sirance, to wannan yunwar fotash ce. Wani lokaci jijiyar tsakiyar ganyen takan yi ja ta sama, sai dai wannan alama ita kaɗai ba ta isa hujja ba, tunda cuta da ƙwari ma suna jawo ta.

A nan dole in dakata in yi gargaɗi, domin na sha jin wannan kuskure daga bakin mutanen kirki. Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin ana fassara fotash da kanwa, har wasu suke ganin idan aka ce gona tana buƙatar fotash, sai a sayo kanwa a kasuwa a daka a watsa. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar, wadda muke sa wa a miya muna kuma ba dabbobi, gishirin sodiyam ce, kuma idan ta shiga gona sai ta ɗaure ƙasa, ta hana ruwa ratsawa, ta ƙone saiwa. Fotash na noma shi ne takin nan da ake kira MOP, mai ƙwayoyi kamar gishiri, galibi ja-ja, wanda yake da kashi 60 cikin ɗari, wato kilo 30 a kowane buhu. Tokar murhu ma tana da ɗan fotash, kuma tana da amfani, amma ba za ta cike gurbin da shekara takwas suka haƙa ba.

Yanzu bari mu yi lissafi, domin lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa, wato takin zamani mai haɗin sinadarai uku, ba ado ba ne. Ta farko naitirojin ce, ta biyu fosfat, ta uku fotash. Buhun 15:15:15 yana da kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya, shi kuwa 20:10:10, wanda ya yawaita a kasuwanninmu tun bayan shirin takin da gwamnatin tarayya ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, yana da kilo 10 na naitirojin, amma kilo biyar-biyar kacal na sauran biyun. An tsara shi ne da hatsi a zuciya, irin su masara da shinkafa, don haka fotash ɗinsa ya yi wa rake kaɗan. A matsayin misali kawai, a ce gwajin ƙasa ya nuna hektarka tana son kilo 120 na naitirojin da 60 na fosfat da 90 na fotash. Buhu takwas na 15:15:15 za su ba ka sittin-sittin na kowane ɗaya, sai ka cike ragowar naitirojin da buhu biyu da rabi na yuriya, ka cike ragowar fotash da buhu ɗaya na MOP. Ka lura cewa a wannan lissafi yuriyar ba ta ma kai rabin wadda kake zubawa yanzu ba.

Lokacin zubawa da yadda ake zubawa sun kai yawan buhunan muhimmanci. Kamfa a kwarin kunya ake sa ta ranar dashe, a rufe da 'yar ƙasa kafin a jera iri domin kada takin ya taɓa idon rake, kuma dalilin sa ta a ƙasa shi ne fosfat ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan yake zama, sai saiwa ta je ta same shi. Yuriya kuma a raba ta biyu, kashi ɗaya wajen mako shida zuwa takwas, ɗayan tare da MOP wajen wata na uku zuwa na huɗu, a daidai lokacin huɗa, ta yadda ƙasar da aka jawo wa gindin rake za ta binne takin ta kuma tokare karan. Yuriyar da aka watsa a sarari a kan busasshiyar ƙasa cikin zafin rana, wani kaso nata iska yake bi ya tafi, don haka a zuba ta da danshi, a kuma rufe. Daga wata na biyar ka ɗaure bakin buhu, kada koren gonar maƙwabci ya ruɗe ka.

Batun iri kuma ban kore shi ba. Idan shekara takwas kana dasa abin da ya rage a gonarka, to ka duba ko akwai raken da yake fitar da wata baƙar bulala mai gari a kansa, domin wannan cuta ta iri take bi. Duk inda ka gan ta ka rufe bulalar da leda, ka tuge gindin ka ƙone, sannan ka nemi iri mai tsabta. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi kusa da Bida ita ce aka ɗora wa alhakin binciken rake, kuma ba ta yi maka nisa ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni da mahaifina muna noman rake a Kwali. Duk shekara idan mun gama sara sai Baba ya sa a banka wa ganyen wuta, yana cewa toka taki ce, kuma idan aka bar ganye gara da gyauji za su cinye gyauron. Ni kuma na ji ana cewa ƙonawar ce take kashe ƙasa. Ba na so in yi jayayya da shi ba tare da hujja ba.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da wannan ladabi, kuma ka sani Baba bai faɗi abin da babu shi ba. Toka tana riƙe da fotash da ɗan fosfat, busasshen ganye kuma yana jan gara, yana ba ɓera da gyauji maɓoya. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ya bi hayaƙi. Kusan duk naitirojin da ke cikin ganyen da mafi yawan sulfa sama suke tafiya idan aka ƙona, haka kuma jikin ganyen kansa, wanda shi ne zai ruɓe ya zama baƙar ƙasar nan mai laushi da take riƙe ruwa da taki. Gonar rake mai kyau tana iya barin tan goma ko fiye na busasshen ganye a hekta guda, ka ga kuwa ba ƙaramar dukiya ake cinna wa ashana ba. Tokar da ta rage ma ba ta da nauyi, iskar hunturu takan kwashi rabonta, ruwan farko ya wanke saura.

Akwai wata fadama da na ziyarta a bara bayan sara, inda aka daɗe ana ƙonawa. Na karɓi fartanya na sara a tsakiyar gonar, sai ƙasar ta ɓalle a dunƙule kamar tubali, fara-fara, babu tana ko guda, saiwar tsohon gindin kuma ta bazu a sama-sama kamar ta ci karo da daɓe. A bakin gonar akwai wani lungu inda ake tara ganyen da aka kankare, wuta ba ta kaiwa can. Da na sa hannu a ƙarƙashinsa sai na ji sanyi da danshi, ƙasar baƙa tana marmashewa tsakanin yatsu, ga ƙamshin nan irin na ruwan farko, ga tana suna motsi. Tsakanin wuraren biyu bai fi taku ashirin ba. Mai gonar ya daɗe yana kallon tafin hannuna kafin ya yi magana.

Manyan ƙasashen rake sun bi ta wannan hanya kafin mu. A Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake a duniya, an daɗe ana ƙona gona kafin sara, har jihar Sao Paulo ta kafa doka a 2002 domin a daina sannu a hankali, yanzu kuma akasarin raken jihar ɗanye ake yanke shi. A Ostareliya ma tun shekarun 1980 manoma da yawa suka koma barin ganye a shimfiɗe a gona, suka ga danshi yana daɗewa, ciyawa tana raguwa, zaizaya kuma ta yi sauƙi.

Shawarata ita ce kada ku sauya komai gaba ɗaya a shekara guda. Ka roƙi Baba ya bar maka kunya goma a gefe. A cikinsu ka janye ganyen daga kan gindin rake domin toho ya sami rana, ka tara shi a kwari ɗaya ka bar na kusa da shi fili, haka har ƙarshe. A kwarin da ke fili za ka bi da ruwa, a nan kuma za ka binne taki, domin yuriyar da aka watsa a kan busasshen ganye ta fi kowace saurin bin iska. Ka ƙara ɗan naitirojin a shekara ta farko da ta biyu, saboda ƙananan halittun da suke ruɓar da ganyen sukan ari wani abu daga ƙasa kafin su mayar. Gara kuwa ta fi ɓarna ne inda rake ya sha ƙishirwa, don haka idan ban ruwa bai yanke ba za ta fi mayar da hankali ga mataccen ganye. Inda kawai zan ce a yi hattara shi ne wuri mai kwanciyar ruwa, domin a can shimfiɗar ganye tana iya sa gindi ya ruɓe. Ranar sara ku ɗaure damman kunyoyin nan goma daban, ku ƙirga tare da Baba, tunda gani ya kori ji.

Tunda ka ambaci gyauro, ku riƙa sara daidai da ƙasa, domin tohon da ya fito daga idon da ke binne shi ne yake yin saiwarsa ta kansa. Gyauro kuma ya fi sabon dashe son naitirojin da wuri, cikin makonnin farko bayan sara, tunda tsohuwar saiwa tana mutuwa sabuwa ba ta kama ba. Bayan gyauro biyu ko uku, idan kun ga gurabe sun yawaita kara ya sirance, ku tuge gindin, ku ba ƙasar damina ɗaya ta wake ko gyaɗa ko waken suya, ku bar wani abu na harawar a gona. Wannan hutu yana ƙara naitirojin, yana kuma yanke wa cututtukan rake hanya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a Abuja, ina da gidan kaji a Kuje, kuma na sami fili kusa da rafi ina so in dasa rake. Kashin kaji ya taru mini da yawa. Zan iya dogara da shi kaɗai in huta da sayen takin zamani?

AMSA: Hajiya, barka kadai, kuma kin fara da abin da manoma da yawa suke nema da kuɗi. Busasshen kashin kaji yakan ƙunshi naitirojin wajen kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, wato tan guda ya yi kusan daidai da buhun yuriya ɗaya a lissafi, ga fosfat mai yawa, ga kuma amfanin da takin buhu ba ya yi, na gyara jikin ƙasa. Sai dai ba duka yake saki a shekarar farko ba, wajen rabi ne shuka take samu, saura sai a hankali, kuma idan kashin ya cakuɗe da garin katakon da ake shimfiɗa wa kaji, ƙarfinsa yana raguwa gwargwadon yawan katakon. Tan biyar a hekta mafari ne mai kyau. Da shi za ki iya rage kamfa sosai, amma ki ajiye ɗan kuɗin yuriya na wata na biyu da na uku, lokacin da rake yake son abinci da gaggawa, ki kuma ajiye na fotash, domin kashin kaji bai cika wadatar da rake ta wannan fuska ba.

Kada ki kai shi gona ɗanye daga ɗakin kaji. Ɗanyen kashi yana da zafi da warin da yake hawa ido, kuma wannan warin shi ne yake ƙone idon rake da sabuwar saiwa. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba jagab ba, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu har wajen mako shida zuwa takwas, lokacin da zafin tsakiyar tulin zai sauka, warin ya kwanta, launin ya koma baƙi. Sannan a watsa a gauraya da ƙasa mako biyu ko uku kafin dashe. Tunda filinki yana bakin rafi, ki nisanta tulin daga ruwa, domin mutanen da ke ƙasa da ke daga nan suke sha.

Kamfanonin sukari ma haka suke yi da nasu sharar. A wurare irin su Numan a Adamawa da Sunti a Neja, tace ruwan rake yana barin wata baƙar laka mai yawan fosfat, kuma a duk duniyar rake gona ake mayar da ita. Masu yin mazarƙwaila a ƙauyukanmu suna da makamancin wannan, wato tokar tuƙar raken da suke hura wuta da ita, wadda ya kamata ta koma gonar da raken ya fito maimakon ta zama tuli a bayan murhu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne takin bolar birni da ake kawowa a tifa ba tare da an tsince shi ba, cike da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, alhali rake abu ne da yara suke sha ɗanye.

TAMBAYA: Malam, na gama makaranta na koma gonar gidanmu a Gwagwalada. Kullum kuna cewa a gwada ƙasa. Yaya ake ɗibar ta, ina ake kaiwa, kuma me gwajin zai gaya mini wanda idona ba zai gani ba?

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka a wannan komawa. Ka fara da raba gonar bisa yadda take: tudu daban, kwari daban, wurin da aka saba zuba takin gida daban. A kowane yanki ka yi tafiya a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka tsaya a wurare goma sha biyar zuwa ashirin, ka share ganyen sama, ka yanki ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 30, ka zuba a bokitin roba mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar taki ba. Ka kauce wa suri da wurin da aka taɓa ƙona tuli da bakin hanya. Ka cakuɗa sosai, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa, ka ƙulle a leda ka rubuta sunan yankin da abin da aka noma a bara. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana da ɗakin gwajin ƙasa, haka cibiyar Badeggi, akwai kuma kwalejin tarayya ta albarkatun ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, sannan malaman gona na yankinku za su iya nuna maka mafi kusa su kuma fassara maka sakamakon.

Babban abin da ido ba ya gani shi ne tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. Rake ya fi jin daɗi tsakanin 6 da 7 da rabi. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru yana ƙara wa ƙasa tsami, kuma idan awon ya faɗi ƙasa da 5 da rabi, sai alminiyam da ke cikin ƙasa ya narke ya riƙa dakushe saiwa, fosfat ɗin da ka saya da tsada kuma ya ɗaure ya ƙi sakuwa. A irin wannan hali ƙarin buhu ba ya ƙara komai, sai an watsa farar ƙasa ta noma an gauraya makonni kafin dashe, gwajin ne kuma zai faɗi yawanta. Ka maimaita gwajin duk lokacin da za ka tuge gindi ka yi sabon dashe.

TAMBAYA: Malam, wani ɓangaren fadamata a Bwari ruwa yana kwanciya a watan Agusta da Satumba. Raken wurin yakan yi rawaya ko na zuba taki. Ba an ce rake ɗan ruwa ne ba?

AMSA: Malam, rake yana shan ruwa ƙwarai, milimita 1,500 zuwa 2,500 daga dashe zuwa sara, amma ba shinkafa ba ne, saiwarsa tana buƙatar iska. Idan ruwa ya kwana da yawa a gindinsa sai saiwar ta shaƙe ta daina ɗaukar abinci, naitirojin da ka zuba kuma ƙwayoyin halittar ƙasa su mayar da shi iska ya tashi. Ka haƙa rami a wurin bayan ruwa ya janye, za ka ga ƙasar ta yi toka-toka da ɗigon tsatsa, wani lokaci har da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Maganin wurin lambatu ne da zai fitar da ruwa zuwa rafi, da kunya mai tudu, a kuma gama zuba taki kafin ruwa ya yi ƙarfi. Idan kuma da rani kana ganin farin gishiri yana tsatsafowa a saman kunya, to lambatun ya zama dole, domin ta nan ne kaɗai ruwa mai daɗi zai wanke gishirin ya fita da shi.

TAMBAYA: Malam, yaya zan gane takin jabu kafin in kai shi gona? Daga wani mai karatu a Zuba.

AMSA: Ɗan'uwa, yuriya ta fi sauƙin gwadawa. Ka ɗebi cokali biyu daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, ka zuba a kofin gilashi mai ruwa ka motsa. Ta gaskiya za ta narke tas, kofin kuma ya yi sanyi a hannunka, idan kuwa an haɗa da yashi ko garin dutse za ka gan shi kwance a ƙasa. Kamfa ba ta gwaduwa haka, domin wadda ake haɗawa a masana'antun cikin gida takan zo da ƙwayoyi masu launi daban-daban, har da na farar ƙasa waɗanda ba sa narkewa, don haka ganin saura a kofi bai nuna ha'inci ba. A nan sai ka duba ɗinkin bakin buhu ko an farke an sake, ka ɗora a sikeli ka ga ya cika kilo 50, ka karanta sunan kamfani da lambobin sinadaran. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa masu haɗawa da masu sayarwa yin rajista, saboda haka ka saya a wurin dillali mai rajista ka kuma karɓi rasit. Idan ka kai gida ka jera buhunan a kan katako nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo, domin yuriya tana jan danshi, kuma buhun da aka buɗe a ɗaure bakinsa tam har ranar da za a koma gona.